Jini Ba Ya Rantsuwa

Ranar Talata, bayan la'asar,
Sajan Lamela ya dire mini kula a kan tebur,
ƙanƙarar ciki ta fara komawa ruwa.
Kwalabe uku: jini, fitsari, da abin da ya saura a tumbi.
Na duba hatimi, bai fashe ba.
Ya sa hannu, na sa hannu.
Babu suna a jiki, sai lamba: arba'in da ɗaya.

"Ɗan dako ne a Tudun Hatsi," in ji shi.
"Ya ci garau-garau, ya saɓi buhu, ya faɗi yana shure-shure.
Mai abincin na hannunmu, yau kwana huɗu.
Kasuwa ta riga ta yanke mata hukunci."

Kasuwa baki dubu gare ta.
Ni ɗigo ɗaya nake yi wa tambaya.

Na fara da wake, don na san halin 'yan ajiya
da ƙwayar da suke jefawa a buhu saboda ƙwaro,
wadda ba ruwanta da wanda zai ci a gaba.
Na bi sawunta a tumbi, babu.
Na nemi piya-piya, babu.
Shinkafar ɓera ma babu.
Mai ne da yaji,
abincin talaka da bai yi wa kowa laifi ba.

Wuta ta ɗauke.
Janareta ya yi tari sau uku kafin ya yarda,
ni kuma hannuna a jikin firij kamar mai jinya.

Bayan isha'i na'ura ta soma zane.
Layi na tafiya a kwance kamar hanyar Dukku,
sai ya zabura, ya yi tsiri,
ya tsaya cak kamar Dutsen Bima a idon mai zuwa Dadin Kowa.
Na san wannan tsaunin, na gaji da ganinsa.
Tiramol.
Ba ƙwaya ɗaya ba, ba biyu ba.
A gefensa ɗan tudu: iya abin da hanta ta sarrafa
kafin aiki ya fi ƙarfinta.
Can baya, ɓurɓushin kodin na daren jiya.

Hanta ba ta tsegumi, lissafi take ajiyewa.
Jini ba ya dafa littafi ya rantse,
abin da aka ba shi yake miƙowa.

Washegari wata tsohuwa ta tare ni a bakin get,
ƙurar Kwami har gwiwarta.
"Gidado sunansa," ta ce, "ko sigari ba ya sha.
Kwano goma sha biyu ya rufa mini ɗaki da kafaɗarsa.
Faɗa mini wadda ta kashe shi."

Ta ina zan fara, Inna?
In ce kafaɗar nan aro ce,
naira ɗari biyu kowace safiya a gindin maina?
In ce buhu ba ya rage nauyi,
ciwon ne kawai ake toshe wa baki?
Na ce sakamako na wajen hukuma.
Ta dube ni kamar ni ma da hannuna.

Na koma na rubuta lambobi,
kaza a cikin kowace lita,
ban ƙara ba, ban rage ba.
Biro bai taɓa yi mini nauyi haka ba.

An saki Hajjo ranar Alhamis.
Asabar na je rumfarta,
tukunya cike, benci wayam.
Na ce a zuba mini na ɗari biyar, a cika yaji.
Na zauna inda kowa zai gan ni, na ci.
Hannunta na rawa a kan ludayi, ba ta san ni ba.

Daga bayan tirela wani yaro, gemu bai fito masa ba,
ya ɓare wani abu da haƙori,
ya kora da fiya-wata,
ya duƙa, aka aza masa buhu.

Saura kwalabe sittin a akwatina,
duk ban sa musu lamba ba tukuna.