Furen Ƙarfe a Garwa

Dudu ce ta kawo shi, ƙulle a bakin zane,
ta dire min a kan uwar maƙera.
Shekara goma sha ɗaya, in ji ta,
da shi take danne murfin tukunyar shayi.
Marigayi mijinta ya tsince shi a gindin akwatin inji
da ya taso daga Duwala, cikin baƙin mai da tsumma.

Faifan ƙarfe ne, bai cika tafin hannuna ba.
Rami a tsakiya, dogo, mai tsini,
ko makaho ya shafa ya san hanyar takobi ce.
Namu makarin hannu a gicciye yake,
wannan kuwa wata ne daren sha huɗu,
aka huda shi, aka bar furanni a ciki.

Na ɗana shi da farce, na kai kunne.
Zubi tari yake yi, ƙira ce ke da murya.
Wannan ya saki murya siririya,
ta daɗe ba ta sauka ba.
Na bi gefensa da yatsa ina neman ɗinkin mazubi, babu.
Na lasa.
Tsatsar jiya ja ce, tana bin harshe.
Tasa baƙa ce, ta kwanta,
santsi kamar ƙugun tsohuwar taɓarya.

Furen ne ya kayar da ni.
Ba na auduga ba ne, ba na kuɓewa ba,
ba badon da ke buɗe ido a fadamar Binuwai ba.
Kunne biyar, kowanne da 'yar tsaga a baki
kamar akuyar da aka yi wa shaida.
Jikata Astajam ta haska shi da waya,
ta ce wani itace ne a Japan,
furensa mako guda yake yi, iska ta share.
Mako guda!
Mutum ya ƙona gira wata nawa a gaban zuga-zugi
saboda abin da ba ya ganin kasuwa biyu.

To, shekarunsa fa?
A bakin ramin an cusa jan ƙarfe, an daddake,
an sake cusa wani a kai.
Sau uku aka rage masa baki.
Takubba uku ke nan ya yi wa takaba.
Ga rubutu kuma, ƙanana kamar sawun tururuwa,
rabi ya tafi da gumin hannaye.
Sunan maƙerin ne, watakila. Ban iya ba.
Amma na karanta sawun kurfinsa:
a fure na huɗu hannunsa ya goce,
ya gyara a ɓoye, yadda ni ma nake yi
in magariba ta kusa, ido ya gaji.

Hamajoda dillali ya leƙo, yana taunar goro.
Ya ce, rubuta shekara ɗari huɗu,
baƙon otal lamba yake saye.
Na ce ya girmi kakana,
bai dai gaya min da nawa ba.

Dudu ta dube mu, ta dubi rana.
Ta miƙo hannu, ta sake ƙulle shi a zane.
Ta ce ta bar ruwa a wuta,
kuma murfin nan, in ba shi,
rawa yake yi.