Bangon Kicin

Shekara talatin Baba Veikko yana cewa,
"Mota ƙarfe ce, ba ta jin sanyi."
Amma bangon kicin yana ji.
A nan Oulu, cikin Janairu,
rana kan leƙo da hantsi kamar mai bin bashi,
ta juya tun ba a ba ta kujera ba.
Madarar da aka manta a gareji
ta kwana ta zama dutse, ta tsaga kwalinta.

Bana likita ya haska idon Baba, ya girgiza kai.
Aka sayar da motar.
Ta bar tabon baƙin mai a siminti,
da wani fili da ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ran Asabar muka zo, ni da ƙanena Tuomas,
da naɗin audugar gilashi mai sa ƙaiƙayi,
da leda, da robar bakin ƙofa.
Baba ya kunna kyandir yana bin lungu.
Duk inda harshen wuta ya rusuna
sai ya ce, "Ga ƙofar ɓarawon nan."
Waje ashirin da bakwai ne ƙasa da sifili,
gashin hancina ya sandare.

"Leda ta ɓangaren ɗumi," in ji shi,
"kada numfashin gida ya shige bango,
ya koma raɓa, ya ci katako a ɓoye."
Ashe ya sani. Tun da can ya sani.

Da Tuomas ya ɓamɓare allo na uku
sai ga tsofaffin jaridu a dunƙule,
da tsumman labule,
da safar hannu ja, ƙwaya ɗaya,
wadda na sha faɗa a kanta ina 'yar shekara bakwai.
Inna Aune ce.
Ba ta taɓa yi masa musu ba,
ta dai riƙa cusa su ta tsagar bayan kabad
da bakin cokali, hunturu bayan hunturu.

Ba wanda ya yi magana.
Kyandir ya miƙe tsaye.

Da magariba muka jona hita a bango,
ta yi ƙas-ƙas, ta soma huci.
Ma'auni ya rarrafa, ya kai goma sha biyu.
Baba ya tuɓe hula, ya jawo benci kan tabon mai,
ya zauna inda direba ke zama,
safar nan a tafinsa.

Na shiga kicin in ɗora shayi.
Na dafa bangon, na daɗe ban ɗauke hannu ba.