Ba Ruwa

Shekara sha tara ina jera kati a Shika,
fayil bisa fayil, kowanne da lambarsa.
Abin da ya shiga hannuna ba ya ɓacewa.

Gidan haya kuwa a Hayin Dogo,
kwano mai ido bakwai.
In Agusta ta kama sai mu jera robobi,
mu kwana ƙirga ɗigon ruwa.

Sai ga Haliru, dillalin bashin gida,
ofis a saman shagon taya a PZ,
kalandar banki a bango, alƙalami uku a aljihu.
Ya ce, "Hajiya," ni da ban taɓa ganin Jidda ba,
"ɗaki uku da falo, can bayan Hanwa,
biya a hankali, shekara ashirin,
kuma na rantse miki, bashin nan ba ruwa."

Kuɗin fom. Na biya.
Kuɗin duba fili. Na biya.
Kuɗin hatimi, kuɗin man kai fayil Kaduna,
da wani "na manya" da ba a rubutawa.
Na ce a rubuta. Ya yi dariya, ya rubuta
a bayan katin ɗaurin aure, ya sa hannu.
Adashin shekara biyu ya bi,
keken ɗinkina ya bi,
da 'yan kunnen Inna da na ce ba na sayarwa.

Ya kai ni filin. Na cire takalmi na taka.
Na nuna wa Ladidi inda tagarta za ta kalla,
ta ce a bar mata gefe, za ta dasa gwaiba don inuwa.

Daga nan sai gobe.
Manaja ya tafi Umra. Manaja ya dawo da mura.
Na'ura ta tsaya. An canja shugaba a Abuja.
Waya tana shiga, sannan ta daina.
Ran Talata na tarar da kwado a ƙofa,
mai taya ya ce, "Ke ce ta tara da zuwa."

Na je bankin da ƙafata.
Yarinyar ta duba, ta sake dubawa,
ta juyo min da fuskar kwamfuta: fari fat.
Sunana bai ma san hanyar zuwa ba.
Filin kuwa, wani ya zuba bulo yana ginawa.

Na ritsa shi wurin suna a Tudun Jukun.
Ya goge maiƙo a baki ya ce,
"Harkar banki ce, Hajiya. Ni ba ruwana."
Ashe wannan ne ba ruwan da ya sha rantsuwa.

Dangi suka ce a bar wa Allah.
Na ce na bar maSa,
amma Shi ya ba ni ƙafa da ƙwaƙwalwa.

Lauya Asabe, kusa da Kwangila,
ta ce, "Me kike da shi?" Na zazzage jaka:
rasit goma sha ɗaya bisa jerin kwanan wata,
saƙonnin waya, shaidar tura kuɗi,
da katin auren nan, sa hannunsa ɓaro-ɓaro.
Ta ce a kai ƙorafin zamba wurin 'yan sanda,
a shigar da ƙarar neman kuɗi daban,
amma kada in ɗora tukunya tukuna:
shari'a ba ta gudu, ana ɗagawa,
wani sa'in ka ci, a rasa abin kamawa.

Mu tara muka haɗu: direba, malamin firamare,
da wata dattijuwa mai fanshon mijinta na reluwe.
Wanda ba shi da takarda ya zama shaida.
Litinin muna kotu a Dogarawa.

Daren jiya an tafka ruwa.
Na tashi na gyara robobi,
na sa fayil a leda, na sa ledar ƙasan filo.
Ladidi cikin magagi ta ce, "Umma, gwaibar fa?"
Tana nan a gwangwanin madara, bakin ƙofa,
ganye huɗu.
Ni Uwani nake ba ta ruwa.