Shinge Kafin Ƙararrawa

Ƙarfe biyun dare a Barnawa.
An ɗauke wuta tun isha'i,
sai ni da batir da sauro,
da injin surfanin Sallau tela
da ya kwantar mini kan tabarma
kamar wanda ya kawo majinyaci.

Ya ce, "Barira, dubi wuyan rigar nan.
Aska takwas na ba shi.
Bakwai sun tsaya cak,
ta takwas ta karkace kamar an bangaje ta."

Sai na gangara can ƙasa,
ƙarƙashin hotuna da tagogin allo,
cibiyar manhaja, inda babu ado,
inda tuntuɓen layi ɗaya
ke kashe kwamfuta ba sallama.

Aikin a baki ba shi da nauyi:
ɗauki nan, kai can,
daga ƙwaƙwalwar kwamfuta
zuwa ƙwaƙwalwar inji.
Amma wancan ɗakin ba namu ba ne.
A namu, ka jefa buhu, ka jefa mudu,
duk za su sami wurin zama.
Nasa ƙofarsa siririya ce,
bayit huɗu yake karɓa a tafi ɗaya,
ba uku ba, ba biyar ba,
kuma dole adireshi ya faɗa kan gaɓa.
In ka miƙa masa a karkace ba ya ƙorafi,
shiru zai yi, ya ɗinka maka ƙarya.

Na auna kayan, na jera su huɗu-huɗu,
na cike wutsiya da sifiri.
Na hana mai fassara yi mini gwaninta,
kada ya haɗe rubutu biyu ya ce ya rage mini wahala.
Na gwada a kan ƙyalle.
Allura ta yi ta sassarfa,
ta takwas ta sake zamewa.

Ruwa ya sauko kan kwano.
Na tuna Baba Mantau,
shekara ashirin da shida a masaƙar Kakuri
kafin a sa wa ƙofa kwaɗo,
ciyawa ta yi haya a ɗakin saƙa.
Har ya rasu kunnensa na hagu bai dawo ba.
Yakan ce, da ƙarfi, don shi ba ya jin kansa,
"Ba a tayar da inji
sai zaren ƙarshe ya shiga ido."

Na koma na bi sawu.
Ashe kwamfutar ce mai garaje,
kamar ɗan dako a tashar Rigasa
da ya ga buhuna da nauyi, ƙararrawa ba nauyi,
sai ya ruga ya kaɗa ta,
kaya na baya suna kan hanya.
Inji ya ji ƙara, ya tashi,
ya ɗinka abin da ya tarar a ɗaki,
ragowar zanen jiya.
Sauri ya haifi nawa.

Layi ɗaya na ƙara.
Shinge.
Babu mai wuce nan sai na baya sun iso.
Bayansa na sa a karanto bayit huɗu daga can,
irin tambayar da ake wa matafiyi:
ka sauka lafiya?
Sai ya amsa, sannan ƙararrawa.

Ladan na gyaran murya a masallacin layinmu
lokacin da allura ta kai ta takwas.
Na riƙe numfashi.
Ta sauka, ta miƙe,
ta tsaya kusa da 'yan'uwanta.

Sallau zai zo da hantsi a kan babur,
ya shafa zaren da babban yatsa,
ya nemi ragi a kuɗin aiki.
Mai rigar zai sa ta ran Juma'a,
ba zai taɓa jin labarin layin nan ba.

A samansa na bar wasiyya
ga duk wanda zai gaji wannan aiki,
ya ga kamar shingen ɓata lokaci ne:
Kada a cire.
Baba ne ya ce.