Mai Awo a Kan Sikeli

Shekara ashirin da shida ina awo a kasuwar Maradi,
gyaɗa, wake, aya, riɗi.
Buhu ya hau, allura ta yi rawa, in faɗi, a biya.
Ni ban taɓa hawa ba.
Wanzami dai ba ya son jarfa.

Gwiwa ce ta kai ni gidan likita ran Talata.
Zuwaira, wadda na sani tun tana tallan ƙuli-ƙuli a Mokoyo,
yau cikin farar riga, ta ce,
"Baba Mati, tuɓe takalmi, hau."
Na hau. Kilo casa'in.
Na ce, "Saura goma in kamo buhun hatsi."
Ba ta yi dariya ba.
Ta jingina ni da bango, ta aza katako bisa kaina:
mita ɗaya da santi saba'in.

Sai ta yi mini abin da ban taɓa yi wa buhu ba.
Ta ɗauki tsawona ta buga shi da kansa,
abin da ya fito, ta raba nauyina da shi,
ta juyo mini takardar.
Talatin da ɗaya.

"Daga sha takwas da rabi," in ji ta,
"zuwa gab da ashirin da biyar, nan inuwar take.
Ƙasa da haka rama ce, ita ma sai an bi sawunta.
Sama da haka, kaya ya soma rinjayar jaki.
In ya kai talatin, Baba,
hawan jini da ciwon suga sun san ƙofar gidan,
gwiwa kuwa ita ce ɗan aikensu."

Na dafa tumbina.
Yarinya, kin san abin da kike zagi?
Shekarar da rumbuna suka yi shiru a ƙauyenmu,
inna tana ƙirga haƙarƙarina da yatsa
kamar mai jan tasbaha.
Wannan cikin gina shi na yi, loma bisa loma,
har aka ce mini Alhaji tun ban ga jirgi ba.
Ban faɗa mata ba. Na haɗiye.

Na dai kawo ƙara:
"To, Nomau fa, ɗan dakon rumfarmu,
mai saɓa buhu kamar matashin kai?
Na rantse ya wuce inuwar taki."

"Zai iya wucewa," ta ce, "kuma ƙalau yake.
Lissafin nan makaho ne,
bai san tsoka ba, bai san kitse ba, jimla ya iya.
Ba a yi wa mai ciki hukunci da shi,
yara ma nasu awon daban.
Ƙwanƙwasa ƙofa yake, ba shi ne alƙali ba."
Ta zaro igiyar awo irin ta tela,
ta zagaye ni daidai cibiya.
Igiyar ta kusa ƙarewa.
Nan ƙarata ta mutu.

Yanzu in an sallame asuba
ina sauka da ƙafa har bakin gulbi,
masu kabu-kabu na yi mini hon, ina ɗaga musu hannu.
Sukarin shayi, daga uku ya koma ɗaya.
Tuwon dare, Haule ta rage malmala,
tana gunaguni wai mutane za su ce ba ta iya riƙon miji ba.
Kilishi ne har yau muke shari'a da shi.

Jiya da la'asar, kasuwa ta yi sanyi,
yaran shago sun tafi alwala,
na waiga dama, na waiga hagu,
na tuɓe takalmi na hau sikelina.
Allurar ta yi 'yar rawarta.
Tamanin da takwas.

Daga bayan buhunan aya na ji muryar Nomau:
"Alhaji, nawa za a biya?"