Mai Naɗin Hannu

Shekara goma sha tara ina naɗe masa hannu,
in ana zancen Bunrot, a bar ni in faɗi nawa.

Yana ɗan shekara tara kawunsa ya kawo shi
bikin haikali, a wani ƙauye bayan Yasothon,
ƙafa duk taɓon gonar shinkafa,
wandon aro ya sha ƙulli biyu a ƙugu.
Bat ɗari da hamsin ya ci a daren.
Ya sayo wa uwarsa man girki da batir,
canjin ya ɓoye a gwangwanin madara.

Bangkok ta tarbe shi da tabarma a ƙarƙashin dandamali.
Asuba gudu, hantsi buhu, la'asar buhu,
har ƙwaurinsa ya koma taɓarya.
Da maigida ya ce a koma damben duniya, na hannu zalla,
wata shida muka yi muna hana ƙafarsa magana.
Takan zabura da kanta, kamar akuyar da ta ji ƙamshin dusa.

Naushi bai taɓa sa shi kuka ba.
Sikeli ne.
Kwana uku kafin awo yana tofa yawu a kwalba,
rigar leda a jiki, rana tsaka,
ya tsotsi ƙanƙara ya furzar,
da dare ya yi mafarkin uwarsa tana daka ɗanyar gwanda da barkono,
ya farka yana tauna bakin matashi.

Osaka. Sanyi har cikin haƙori.
Mai kambun bahago ne, dogo, mara fara'a.
A turmi na tara girar Bunrot ta tsage,
minti ɗaya gare ni, auduga da mai da yatsa.
Na ce, kana gani?
Ya ce, ina jin numfashinsa, ya isa.
Turmi na goma sha ɗaya ya sa masa dama a ƙarƙashin haƙarƙari,
dogon ya durƙusa kamar mai neman allura.
Alƙali ya ƙirga goma.
Ni ban ji ba, ina ta wanke soso.

A bayan akori-kura ya shiga garinsu,
furanni a wuya har sun rufe masa haɓa.
Ya fanso gonar da aka jinginar tun yana goye,
ya yi wa ɗakin uwarsa kwano,
ya sayi ɓauna biyu, ɗaya ya sa mata suna Osaka.
Dangi suka fito kamar shinge bayan ruwan fari,
kowa da asibitinsa, kowa da bikinsa.
Bai iya cewa babu ba.
Wannan ne kaɗai ban koya masa ba.

Sau shida ya kare kambun.
Na bakwai wani yaro ya zo daga Filifin,
shekara ashirin da biyu, ƙafa kamar ta mage.
Turmi na huɗu na ga idon Bunrot yana neman kusurwarmu a inda ba ta.
Ni na jefa tawul.
Shekara biyu bai amsa gaisuwata ba.

Yanzu taliya da romo yake sayarwa a bakin tashar mota.
Kambun na rataye sama da tukunya,
tururi ya cinye masa ƙyalli,
direbobi na ɗaukar hoto da shi kafin su biya.
Hannun daman nan da ya durƙusar da mutum a Osaka
yana rawa, romo na zuba a kan tebur.

Jiya na je.
Bai ce komai ba, ya miƙo min shi, tafi a ƙasa,
yatsu a buɗe, yadda ya saba.
Na ciro tsohon bandeji daga aljihu.
Sau uku a wuyan hannu, sannan tsakanin yatsu,
na haɗa da mariƙin ludayin.

Ya gwada. Bai zuba ba.
Ya ce, ka matse da yawa, kullum haka kake.