Haƙorin Burgu

An sake wa Burgu fenti,
shi da ke gaban jirgin yara
a filin wasan bayan Gawon Nama,
shekara goma sha biyu yana ja, yana ƙugi.

Jabbi ya tsaya da tikiti a hannu:
"Wanga ba Burgu na ba!
Ina haƙorin da yak karye?
Ina kunnen da yal lanƙwashe
tun muna leƙen talabijin ɗin maƙwabta ta taga?
Sun ba shi ido kamar faifai,
sun sa mai kambas.
Burgu da kambas, jama'a!"

Luba mai ƙanƙara ta ce,
"Tsohon tsoro shika ba yara.
Rannan ɗiyar Hassi sai da ta jiƙa wando."

"Ai tsoron shi na daɗin!"

Mai fentin na ƙarƙashin dogon yaro,
kore har gwiwar hannu,
bai ce uffan ba.
Hoto aka nuna masa a waya
aka ce, yi haka.

Gardama ta kai la'asar.
Wani ya ce a kai wa manaja ƙara,
wani ya ce tsufa ne ke damunmu,
Jabbi ya rantse shi da wurin har abada.

Ɗansa Modi kuwa tuni ya hau,
kujerar gaba, zagaye na uku,
ya rungume sabon wuyan
yana kiran sunan da ƙarfi.

Da za su tafi na ga Jabbi
ya kankare haƙorin da makullin babur.
Kaɗan.
Tsohon fentin na nan a ƙasa.